Harafin ཀ na Tibet a tsarin Unicode

ཀ, wanda ake furtawa "ka", shi ne harafin farko cikin baƙaƙe 30 na rubutun Tibet. Tarihin mutanen Tibet yana danganta ƙirƙirar wannan rubutu ga Thonmi Sambhota, a ƙarni na 7, zamanin Sarki Songtsen Gampo, bisa tsarin rubuce-rubucen Indiya. Da shi ake rubuta harshen Tibet, da Dzongkha na ƙasar Butan, da harshen Ladakh.

Kwamfuta ba ta adana siffar harafi, lamba take adanawa. A Unicode, tsarin duniya da ke ba kowane harafi lambarsa, lambar ཀ ita ce U+0F40, wato 3904 a ƙidayar yau da kullum. Idan aka ajiye shi da UTF-8, tsarin da ya mamaye intanet, yakan ci bayit uku (bayit ƙaramin ma'aunin ajiyar bayanai ne a kwamfuta): E0 BD 80. Harafin ƙ na Hausa bayit biyu yake ci. An ware wa rubutun Tibet gurbi daga U+0F00 zuwa U+0FFF.

Ba a sami wannan gurbi cikin sauƙi ba. Unicode na farko, na 1991, ya sa haruffan Tibet a U+1000, amma ba da daɗewa ba aka cire su. Sai a 1996, a Unicode 2.0, suka dawo da sabon fasali, tsohon wurin kuma daga baya aka ba rubutun Myanmar.

Abin da ya sa aka sake fasalin shi ne yadda baƙaƙen Tibet suke hawan juna. Ana jera gaɓa daga hagu zuwa dama, amma a tsakiyarta baƙaƙe kan taru, wani a ƙarƙashin wani. Saboda haka aka ba kusan kowane baƙi lamba biyu: ɗaya idan yana tsaye da kansa ko yana saman tarin, ɗaya idan yana rataye a ƙasa. Lambar "ka" mai ratayewa ita ce U+0F90, tazarar 80 daidai a ƙidayar yau da kullum tsakaninta da ta farko, kuma haka tazarar take ga yawancin sauran baƙaƙen. Wasalin "a" ba a rubuta shi, yana cikin baƙin. Sauran huɗun, i, u, e, o, alamomi ne masu lambobinsu da ake shigarwa bayan an gama tarin. Ɗigon da ke raba gaɓoɓi, tsheg, shi ma yana da tasa, U+0F0B.

Kalmar བསྒྲུབས, wadda ake rubutawa bsgrubs a tsarin Wylie na 1959 na rubuta harshen Tibet da haruffan boko, tana nuna yadda abin yake aiki. Lambobi bakwai ne a jere: ba, sa, ga mai ratayewa, ra mai ratayewa, wasalin u, sai ba da sa. A nahawun Tibet, "ga" ne tushen gaɓar, sauran duk rakiya suke yi masa. Amma da yake "sa" ya hau kansa, lambar mai ratayewa ake ba "ga". Ke nan Unicode matsayin harafi a rubuce yake bi, ba matsayinsa a nahawu ba. Wannan zaɓi ya sauƙaƙa rubuta dogayen tarin da ake samu a addu'o'in Sanskrit na littattafan addinin Buda, kuma ina ganin daidai aka yi. Sai dai ya bar wa masu manhaja jan aiki wajen jera kalmomi, domin ƙamusun Tibet tushen gaɓa suke bi, dole manhaja ta gano shi da kanta.

Haɗa tarin a kan allo aikin font ne, wato fayil ɗin da ke ɗauke da siffofin haruffa. Idan na'ura ba ta da font irin Microsoft Himalaya, wanda ya zo da Windows Vista, ko Jomolhari, sai a ga ƴan akwatuna ko haruffa a warwatse, kamar yadda ɗ da ƙ suke ɓacewa a wasu tsofaffin wayoyi, alhali lambobin suna nan daidai a cikin fayil ɗin.