Inshorar kaya da neman diyya a gwanjon intanet

Inshorar kaya a gwanjon intanet yarjejeniya ce da mai aika kaya ke ƙullawa da gidan waya, ko kamfanin jigila, ko wani kamfanin inshora na daban, cewa za a biya shi diyya idan ƙunshin ya ɓace ko ya lalace a hanya. Maganar ta fi zafi a gwanjo fiye da a shagon intanet na yau da kullum, domin galibin abin da ake gwanjonsa kwance ne ko tsohon kaya wanda ba shi da na biyu: agogon hannu na da, kwanon tangaran, faifan garmaho, tsohuwar kyamara. Mai shago in kwalba ta fashe sai ya ɗauko wata a sito. Mai gwanjo ba shi da wata, kuma kuɗin kayan ma ba a san shi ba sai da tayi ya rufe.

Asali

Yawancin ƙa'idojin da ake bi yau sun samo siffarsu ne a eBay, dandalin da Pierre Omidyar ya buɗe a San Jose ta jihar Kalifoniya a watan Satumba na 1995 da sunan AuctionWeb. Abin dariya, ɗaya daga cikin kayan farko da aka sayar a can 'yar fitilar nuni ce ta lesa wadda da ma a lalace take, an sallamar da ita a kan dala 14.83, mai sayen kuma ya san da lahanin.

A shekarun farko inshora zaɓi ne. Mai sayarwa yakan rubuta a ƙasan tallarsa cewa wanda yake so ya ƙara 'yan daloli, wanda bai ƙara ba kuwa, in kaya sun fashe, ba ruwansa. A 2009 eBay ta soke wannan tsari. Mai sayarwa na iya cusa kuɗin inshora cikin kuɗin aikawa, amma ba zai ɗora wa mai saye alhakin abin da ya faru a hanya ba. Daga nan inshorar ta koma abin da take a zahiri, wato garkuwar mai sayarwa.

Wuyan wa asarar take hawa

Dokokin ƙasashe ba su zo ɗaya ba a nan. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce kaya suna wuyan ɗan kasuwa har sai sun shiga hannun mai saye ko wanda ya wakilta. Tarayyar Turai ma haka ta tsara a umarninta na 2011. Sai dai waɗannan dokoki sun shafi ɗan kasuwa ne, ba mutumin da ya share ɗakin ajiyarsa ya sayar da tarkacen gida ba. A Amurka kuwa dokar ciniki ta bai ɗaya ta yarda asara ta koma kan mai saye tun daga lokacin da aka miƙa kaya ga kamfanin jigila, in ba a yi sharaɗin kai su har wani wuri ba.

A aikace ƙa'idar dandali ce ke yanke hukunci kafin a kai ga doka. Garantin mayar da kuɗi na eBay yana lissafa kayan da suka iso a fashe cikin waɗanda ba su dace da bayanin talla ba. Mai saye na da kwana 30 daga ranar isowa ya shigar da ƙorafi, mai sayarwa na da kwana uku na aiki ya amsa, kuma kuɗin mayar da kaya a kansa yake, ko da ya rubuta cewa ba ya karɓar kayan da aka dawo da su. Idan ƙorafin na rashin isowa ne, lambar bin sawu ce hujja. A Amurka, cinikin da ya kai dala 750 sai an haɗa da sa hannun wanda ya karɓa. Mai sayen da ya biya da katin bashi yana kuma da wata ƙofar, wato bankinsa, wanda zai iya janyo kuɗin.

Hanyoyi biyu ke nan da mutane ke yawan cakuɗawa. Mai saye yana bin mai sayarwa. Mai sayarwa yana bin gidan waya. Ta farko ba ta jiran ta biyu, don haka amsar nan ta "ka dakata sai inshora ta biya ni" ba ta da ƙarfi a gaban dandali.

Ba duk abin da ake kira inshora ne inshora ba

Gidan wayan Amurka, USPS, yana haɗa kariyar dala 100 cikin kuɗin aikawa na Priority Mail da na Ground Advantage, wanda aka ƙaddamar a Yulin 2023. Ana iya sayen ƙari har dala 5,000, saƙon rajista kuma yana kaiwa dala 50,000. A Birtaniya, wasiƙa ko ƙunshin Royal Mail, gidan wayan ƙasar, na yau da kullum diyyarsa ba ta wuce fam 20, amma a tsarin aikawa na musamman da ake kira Special Delivery ana iya ɗagawa zuwa fam 2,500.

Kamfanonin jigila na UPS da FedEx tsarinsu daban ne. Abin da suke sayarwa shi ne bayyana ƙimar kaya, wato ɗaga iyakar abin da za su biya daga dala 100 zuwa adadin da mai aikawa ya faɗa, in har laifin nasu ne. FedEx ma ta rubuta ƙarara a sharuɗɗanta cewa ba ta bayar da inshora, kuma ta ƙayyade diyyar kayan tarihi, zane-zane, gilashi da kayan ado a dala 1,000, waɗanda su ne kuwa suka cika kasuwar gwanjo. Wannan giɓi ne kamfanonin inshora irin su Shipsurance da U-PIC ke ci da shi, su ma da nasu jerin abubuwan da ba su ɗauka.

Yadda ake neman diyya

A ɗauka an yi gwanjon butar shayi ta tangaran, tayi ya tsaya a dala 180, mai sayarwa ya aika ta ba tare da sayen ƙarin kariya ba. Kwali ya iso da kusurwa ɗaya a lotse, mai saye ya girgiza ya ji ƙara a ciki. Abin da ake so ya yi shi ne ya ɗauki hoton kwalin tun bai yanka salatif ba, kowane gefe, har da takardar adireshi da lambar da ke jiki. Sannan hoton ciki yadda aka shirya shi, sannan na hannun butar da ya ɓalle. Kada ya zubar da komai, ko da tsummokaran jaridar da aka cusa ne. Jami'in da zai duba ƙorafin ya fi sha'awar kwalin fiye da butar.

Mai sayarwa zai mayar da dala 180 da kuɗin aikawa, sannan ya nufi USPS da lambar bin sawu, rasidin aikawa, da shafin gwanjon da ke nuna nawa aka biya. Wa'adin kwana 60 ne daga ranar aikawa; a Royal Mail kwana 80. Ko an amince, dala 100 ce iyakarsa. Da ya sayi kariyar dala 500 ma, ba za a ba shi fiye da ainihin kuɗin butar ba, domin inshora tana maye asara ne, ba ta ba da riba. In an ƙi, yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara.

Babban dalilin ƙi shi ne rashin kyawun shiri. Ƙa'idar da kamfanonin jigila ke bayarwa ita ce kwali mai ƙarfi, a naɗe kowane abu shi kaɗai, a bar tazarar kamar santimita biyar ta abin tare bugu tsakanin kaya da bangon kwali, abu mai fashewa kuma a sa kwali cikin kwali. Rubuta "a yi hattara" a jiki ba ya maye gurbin wannan. Akwai ma wani abin haushi: kwalin da ya iso lafiya lau alhali na ciki ya farfashe yakan zama hujja a kan mai aikawa, don za a ce ai ba a jefar da shi ba, shirin ne bai yi ba.

Ga kuma wani ƙulli. Dandali yana ce wa mai saye ya mayar da kaya, gidan waya kuwa yana so a ajiye su inda suka sauka, don yana iya cewa a kawo a duba, kuma in sun sake bin hanya ba a san a wace tafiya suka fashe ba. Shi ya sa gogaggun masu sayarwa sukan mayar da kuɗi, su roƙi mai saye ya riƙe ɓaraguzan har a gama bincike. Komai ya rataya a kan haɗin kan mutumin da ya riga ya karɓi kuɗinsa, wanda ba abin da zai ƙara samu.

Idan kaya za su ƙetare iyaka

A jigilar kaya ta jirgin sama, nauyi ake aunawa, ba daraja ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade alhakin kamfanin jirgin sama a kan kowane kilo, da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR: an fara da 17, aka ɗaga zuwa 26 a ƙarshen 2024, kuma ƙorafin lalacewa sai cikin kwana 14. Agogon da bai kai rabin kilo ba, ko nawa aka saye shi, diyyarsa a wannan lissafi 'yan daloli ne, sai in an bayyana ƙimarsa tun farko an biya ƙari.

eBay ta sauƙaƙa wa masu sayarwa na Amurka da shirinta na aikawa ƙasashen waje: da zarar kaya sun isa cibiyar tattarawa lafiya, sauran tafiyar ba a kansu take ba. Amma mai saye a Kano ko Yamai da ya ba da adireshin wani wakilin jigila a Amurka ko Ingila, wanda zai haɗa masa kaya ya turo, garantin eBay ba ya bin ƙunshin bayan wakilin ya karɓa. In butar ta fashe tsakanin ɗakin ajiyar wakilin da filin jirgin Malam Aminu Kano, maganar tsakaninsa da wakilin ce, bisa abin da aka rubuta a takardar da suka ƙulla.