Waiwaye: yadda wa'adin 'yan kwanaki ke cinye haƙƙin magini a Amurka

Akwai wani bawan Allah da muke sallah tare a wani masallaci a Bronx, sana'arsa saka tayil, tun a gida ita yake yi kafin ya zo New York. Rannan bayan isha'i ya ja ni gefe ya fito da wata jakar leda cike da rasit-rasit, wasu har rubutun ya fara gogewa, ya ce min Malam dan Allah duba min wannan, na yi wa wani ɗan kwangila aikin banɗaki biyu da kicin a wani gida, tun watan Maris na gama, yau ga mu a Agusta dala 9,000 ɗina ko sisi ban gani ba, kullum na kira sai ya ce mai gida ne bai biya shi ba, in ƙara haƙuri. Na ce to Alhaji me ya sa sai yanzu? Ya ce ai ba ya son ya matsa wa mutum, kuma an gaya masa yana da wata 8 da zai iya kai takarda a ɗaura wa gidan bashin. Washegari muka je wurin lauya, tambayar farko da ya yi ita ce gidan na iyali ɗaya ne ko mai ɗakunan haya da yawa. Na iyali ɗaya ne. Lauyan ya ajiye biro ya ce to ai wata 4 ne ba 8 ba, kuma sun ƙare tun Yuli. Wallahi har yau ina ganin fuskar mutumin nan, bai ce komai ba sai kallon ledar rasit ɗin yake.

Tun daga ranar nake bin diddigin wannan doka, daga ina ta fito kuma me ya sa wa'adinta ya yi tsauri haka.

Abin da Turawa ke kira makaniks liyan, a taƙaice jingina ce ta dole. Ka yi aiki a ginin mutum ko ka kawo siminti da katako ba a biya ka ba, sai ka je ofishin akawun gunduma ka shigar da takarda, daga ranar bashinka ya manne a jikin filin da ginin, mai gida ba zai iya sayarwa ko karɓar rancen banki a kai cikin sauƙi ba saboda duk wanda ya binciki takardun gidan zai ci karo da sunanka, in abin ya yi nisa kotu na iya sa a yi gwanjon gidan a biya ka. Kuma kar sunan ya ruɗe ka, ba bakaniken mota ake nufi ba, a Turancin wancan zamani duk mai aikin hannu, kafinta ne ko birkila ko maƙeri, makanik ake ce masa.

Asalinta daga ginin birnin Washington ne. A 1790 majalisar Amurka ta yanke cewa za a gina sabon babban birni a bakin kogin Potomac kuma gwamnati za ta koma can a 1800, shekara 10 kenan kacal, wurin kuwa gonaki ne da daji. Ƙasa ce sabuwa, fili kamar me amma kuɗi a hannu babu, bankuna ma 'yan ƙalilan ne. To wane magini ne zai kwaso ma'aikatansa ya zo ya gina wa mutumin da bai da komai sai fili da alkawari? A 1791 Thomas Jefferson da James Madison, waɗanda daga baya kowannensu ya shugabanci Amurka, suka zauna da kwamishinonin da ke kula da aikin birnin, aka ba majalisar jihar Maryland, wadda filin birnin ke cikinta a lokacin, shawara ta yi dokar da za ta ba magini haƙƙi a kan ginin da ya yi, kuma a shekarar ta yi ta. Dokar Ingila da Amurka ta gada ba ta san wannan ba, a can mai gyara na iya riƙe kayan da ke hannunsa sai an biya shi, kamar yadda tela zai riƙe maka riga, amma gini fa, ba ka iya saka shi a aljihu, da zarar ka ɗora bulo a filin wani ya zama nasa. A dokokin Faransa ne ake da irin wannan fifiko ga magina, Jefferson kuwa ya zauna a Paris a matsayin jakada kafin lokacin.

Abu ɗaya da ba na son a manta in ana yabon wannan tarihi, da yawa daga cikin waɗanda suka fasa dutse suka ɗauki kaya a ginin fadar White House da ginin majalisa bayi ne baƙaƙen fata, ladansu iyayengijinsu ake ba, dokar 1791 ba ta san da su ba. Manyan magina masu yarjejeniya kai tsaye da mai fili ta kare.

Pennsylvania ta bi sahu a 1803, daga nan jiha bayan jiha, kuma a hankali aka faɗaɗa ta shigo da ƙananan 'yan kwangila, leburori da masu sayar da kayan gini. Yau duk jihohi 50 suna da tasu, Kalifoniya da Texas ma har cikin tsarin mulkin jiha suka rubuta ta. To a wannan faɗaɗawar ne matsalar ta taso, kuma a nan ne wa'adi ya samo asali.

Ka sa kanka a matsayin mai gida. Ka ba ɗan kwangila ɗaya aiki, ka biya shi kuɗinsa cif, shi kuma ya ɗauko mai fenti da falamba da mai wayarin da kai ko sunansu ba ka sani ba, ya cinye kuɗinsu ya ɓace. Bayan wata uku sai ga takarda cewa wani mai sayar da katako da ba ka taɓa gani ba ya ɗaura wa gidanka bashi. A wasu jihohin sai ka biya sau biyu. Shi ya sa jihohin suka rabu gida biyu tun a ƙarni na 19, tsarin da ake kira na Pennsylvania ya bar ƙaramin ɗan kwangila ya nemi cikakken kuɗinsa ko da mai gida ya riga ya biya babban, tsarin New York kuma ya ce a'a, iyakarka abin da ya rage mai gida bai biya babban ɗan kwangila ba a lokacin da ka shigar da takarda. Kaga a New York kowace rana ka yi jinkiri, ko da wa'adi bai cika ba, tukunyar da za ka ɗiba tana iya raguwa. Sannan ga mai sayen gida da banki, su ma suna son su san ranar da za su ce shikenan, babu wani bashin ɓoye da zai ɓullo. Saboda haka 'yan majalisa suka ce mun ba ka makami mai kaifi a kan dukiyar mutumin da watakila bai ci maka komai ba, amma ka yi amfani da shi cikin kwana kaza ko ka rasa shi. Kotuna kuma tunda haƙƙin doka ce ta ƙirƙire shi ba gadonsa aka yi ba, a maganar kwanaki ba sa sassauci, ka makara da kwana ɗaya ya tafi.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne agogon ba ɗaya ba ne, yawanci uku ne a jere. A Kalifoniya misali, in ba kai ne ka yi yarjejeniya da mai gida ba, cikin kwana 20 da fara aiki sai ka aika masa notis cewa ga ni ina aiki a gidanka, tun ba a yi rigimar komai ba, tun kuna gaisawa da fara'a. In ka makara notis ɗin zai kare aikin kwana 20 na baya ne kawai da abin da ya biyo. Sai agogo na biyu, kwana 90 bayan an kammala ginin ka shigar da takardar jinginar, amma in mai gida ya yi rajistar cewa aiki ya ƙare sai ya koma kwana 60 ga babban ɗan kwangila, 30 ga ƙanana. Sai na uku, bayan ka shigar kana da kwana 90 ka kai ƙara kotu, in ba haka ba takardar ta mutu. A Florida notis ɗin farko kwana 45 ne, shigarwa kwana 90 daga ranar aikinka na ƙarshe, jinginar na rayuwa shekara guda amma mai gida na iya aiko maka da takardar ƙalubale ya mayar da shekarar nan kwana 60. Texas kuwa nata lissafin daban ne gaba ɗaya, ba kwanaki ake ƙirgawa ba, ranar 15 ga wata na huɗu ne bayan watan da aka gama aiki a ginin kasuwanci, 15 ga wata na uku a gidan zama, kuma ya yi rikitarwar da sai da majalisarsu ta yi masa gyara a 2021 ya fara aiki a Janairun 2022. Mutum ya yi shekaru yana aiki a New York ya koma Houston da lissafin wata 8 a kansa, ai ya shiga uku.

Sannan akwai tarkon ranar ƙarshe. Mutane da yawa in sun ga lokaci ya ƙure sai su koma gidan su ɗaure wani famfo ko su canza tayil ɗaya da ya tsage su ce ai jiya ma na yi aiki. Kotuna sun san wannan dabara tuntuni, a mafi yawan jihohi gyaran abin da ka riga ka gama ba ya sabunta wa'adi.

Maryland ɗin da ta fara abin ita ce kuma ta ja birki mafi ƙarfi. A 1976 babbar kotun jihar ta yanke hukunci a shari'ar Barry Properties da kamfanin rufi na Fick Brothers cewa ba daidai ba ne a ɗaure dukiyar mutum ba tare da an sanar da shi an saurare shi ba, ya saɓa wa tsarin mulki. Daga nan aka sake dokar, yanzu a can ba ka zuwa ka ajiye takarda kawai, kotu za ka roƙa cikin kwana 180 da gama aiki, alƙali ya duba tukuna, ƙaramin ɗan kwangila kuma sai ya sanar da mai gida cikin kwana 120. A ganina wannan hukunci ya yi adalci, amma ya ƙara kuɗin lauya a kan wanda dama bashi ya kawo shi.

Ginin gwamnati kuma ba a ɗaura masa jingina, ba wanda zai yi gwanjon barikin soja ko gidan waya. Saboda haka a 1894 majalisar tarayya ta yi dokar Heard, a 1935 ta maye gurbinta da dokar Miller, wadda ta tilasta wa babban ɗan kwangila ya kawo kamfanin inshora da zai tsaya masa cewa za a biya na ƙasa da shi. Nan ma agogo ne, kwana 90 na sanarwa ga wanda ba shi da yarjejeniya kai tsaye da babban ɗan kwangilar, shekara ɗaya na kai ƙara. Jihohi suka kwaikwaya a nasu ayyukan.

Ingila har yau ba ta karɓi wannan jingina ba, hanyar da ta bi a dokar 1996 ita ce a naɗa mai shiga tsakani ya yanke rigimar biyan kuɗi cikin kwana 28 aiki na ci gaba. Lardin Ontario na Kanada ya haɗa biyun, a 2018 ya ƙara wa'adin shigar da jingina daga kwana 45 zuwa 60, a Oktoban 2019 kuma ya kawo mai shiga tsakani irin na Ingila da dokar cewa mai gini ya biya cikin kwana 28 da karɓar takardar neman kuɗi, ɗan kwangila ya sallami na ƙasa da shi cikin kwana 7 da samun nasa. Ni wannan ya fi kwanta min, don abin da mai tayil ke so kuɗinsa ne su shigo da wuri, ba wanda ke sha'awar ya sa a yi gwanjon gidan mutum.

Abin da ke damuna a duk wannan tarihi, doka ce da aka yi don mai aikin hannu amma shekara 200 da ɗoriya na gyare-gyare sun mayar da ita sai mai lauya da akawu ke cin moriyarta. Babban kamfanin kayan gini yana da ma'aikacin da aikinsa kenan, ya aika notis ranar da motar farko ta sauke kaya. Namu kuwa mun taso da cewa tura wa mutum takarda tun bai ci maka ba rashin kunya ne, kuma in mai bashi ya ce ka yi haƙuri sai ka yi, ka jira sati biyu, ka jira bayan sallah, ɗan kwangilar da ya san dokar kuma yana sane da kalandar, daɗin bakin da yake maka har ranar da wa'adi zai cika ne. Ban ce duk haka suke ba, wasu su ma an riƙe musu nasu ne da gaske, amma ko mai gaskiya ne jiran da ka yi masa ba ya tsayar da kwanakin.

Shi Alhajin namu lauya ya gaya masa bashinsa bai mutu ba, gidan ne kawai ya kuɓuce, yana iya bin ɗan kwangilar da kansa. Ya kai ƙara ƙaramar kotun bashi ta birnin, wadda ke sauraron abin da bai wuce dala 10,000 ba, mutumin ko zuwa bai yi ba, aka ba Alhaji gaskiya. Da aka je karɓa sai aka tarar asusun kamfanin babu komai, an rufe shi. Takardar hukuncin tana nan cikin ledar tare da rasit ɗin, gidan kuma an sayar da shi kafin ƙarshen shekarar da tayil ɗinsa a ciki.