Ba kowane ƙugi ne laifin amfilifayar jita ba

Da yawan masu kaɗa jitar lantarki, da zarar sun ji amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin jita, tana ƙugi, sai su ɗauka ta lalace, su kai ta wajen mai gyara, alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau. Naɗin wayar da ke kewaye da maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jita, musamman naɗi guda ɗaya irin na jitar Fender Stratocaster, shi ke kwaso motsin wutar gida daga wayoyi da taransifoma, wutar da ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa a Najeriya da Nijar, sau 60 a Amurka.

Don a gane inda ƙugin ke fitowa, a zare wayar jita daga amfilifaya. Idan ƙugin ya ɗauke, a mayar da ita, mai kiɗa ya riƙa juyawa a hankali, zai ji ƙarar tana raguwa a wata fuskar. Idan bai ɗauke ba, a nan ne ake zargin amfilifayar, galibi kafasitocinta, wato kayan cikinta da ke tace wuta, su ne suka tsufa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu karya ƙafa ta uku ta filogi don su kashe ƙugi. Wannan ƙafar ce ke sauke wuta ƙasa idan wani abu ya lalace a ciki, kuma tsirkiyoyi haɗe suke da ƙarfen amfilifaya, don haka idan an karya ƙafar, ta hannun mai kiɗa wutar za ta bi.