Me ake nufi da "gem ɗin fiziks"?

Wanda ya saba buga gem a burauza, wato a shafin intanet kai tsaye ba tare da ya sauke komai ba, yakan ci karo da wani ɗan bayani a ƙarƙashin sunan wasa: an gina shi a kan fiziks. Wasu suna ɗauka kwalliyar talla ce kawai. Alhali kalmar tana da ma'anarta takamaimai, kuma ita ce sanadin da ke sa mutum ya ji kamar ya yi jifa da linzamin kwamfutarsa bayan minti goma da fara wasa.

Sai an kwatanta da wasan tsalle-tsalle na da kafin a gane bambancin. A Super Mario Bros., wanda Nintendo ya fitar a 1985, kana danna maɓalli Mario ya daka tsalle. An riga an auna masa iyakar tsayin da zai kai da yadda zai sauko, har kana iya karkata shi yana cikin iska, abin da ba mahalukin da ke iyawa. Maɓallin umarni ne, yana kuma bin umarnin.

A gem ɗin fiziks kuwa, abin da maɓalli ke bayarwa ƙarfi ne kawai: tura wannan, ja wancan, lanƙwasa wannan gaɓa. Abin da zai biyo baya lissafi ne ke yanke shi. Kowane abu a cikin wasan an ba shi nauyi, an faɗi ko yana da santsi ko kaushi, an faɗi yadda yake dawowa idan ya bugi wani abu, sannan ƙasa tana jan kowa. Akwai manhaja a ciki da ake kira injin fiziks, wadda ke sake lissafin nan yawanci sau 60 a kowace daƙiƙa: ina kowane abu yake, da wane gudu yake tafiya, me ya taɓa me. Ɗaya daga cikin sanannun injinan shi ne Box2D na Erin Catto, wanda da shi aka gina Angry Birds na 2009. Duk wanda ya taɓa harba tsuntsu ya ga katakai suna rugujewa ta hanyar da bai zata ba, to ya ga injin yana aiki.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne QWOP, wanda Bennett Foddy, ɗan asalin Ostareliya da ya karanci falsafa, ya saka a intanet a 2008. Ɗan tsere ne, ana so ya yi gudun mita 100. Babu maɓallin gudu. Q da W suna motsa cinyoyi, O da P suna motsa ƙwauri, shi ke nan. Tafiyar da ɗan shekara biyu ke yi ba tunani, a nan sai ka tsaya ka tambayi kanka wace ƙafa ce ke ɗauke da nauyin jiki, wace ce za ta ɗaga. Mafi yawan masu farawa ko mita biyar ba sa kaiwa ɗan tseren ya kife, wani ma baya zai yi ya faɗi a bayan layin farawa. Jikin da ke zubewa haka laƙwas, gaɓoɓi na reto kamar na 'yar tsanar tsumma, shi ma salo ne da masu yin gem suka san shi, kuma rabin dariyar wasan Happy Wheels na 2010 daga nan take.

A 2017 Foddy ya dawo da Getting Over It, wanda ya ce ya samo tushensa daga wani tsohon wasa na 2002 mai suna Sexy Hiking. Mutum ne zaune cikin tukunyar ƙarfe, hannunsa riƙe da doguwar guduma, zai hau tsauni na duwatsu da tarkace. Linzami kaɗai ke motsa gudumar. Da ita za ka maƙale a dutse ka ja jikinka, da ita za ka doki ƙasa ka cilla sama. Babu matattarar da za a mai da kai idan ka faɗi. Kuskure ɗaya yana iya dawo da kai gindin bishiyar farkon wasa da ka baro sa'o'i biyu da suka wuce, muryar Foddy kuma tana yi maka ta'aziyya cikin natsuwa, wanda a ganina ya fi faɗuwar ciwo.

Sai dai kada kalmar fiziks ta ruɗi mutum ya zaci kwafin duniya aka yi. A doron ƙasa, gudun abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, amma mai yin gem yana da ikon ƙarawa ko ragewa yadda wasan zai yi daɗi. Ba kuma hannun da zai iya wurga mutum da tukunyarsa sama da bugu ɗaya. Abin da ake nema shi ne dokar ta tsaya a kan magana ɗaya: motsi iri ɗaya ya haifar da sakamako iri ɗaya. Nan ne ake rarrabe wasa mai wuya da wasa marar kyau. Idan ka faɗi ka san hannunka ne ya yi gaggawa, za ka sake gwadawa. Idan ba ka san dalili ba, rufe shafin za ka yi.

Galibin irin waɗannan wasanni na masu zaman kansu ne, mutum ɗaya ko 'yan kaɗan ba tare da babban kamfani ba, su ake ce wa indi. Babban kamfani ba ya son ya fusata wanda ya biya kuɗi, shi kuwa mai zaman kansa bai da wannan fargaba sosai. Burauza ta zame musu kasuwa mai sauƙin shiga tun zamanin Flash, manhajar kamfanin Adobe da ake kunna gem da ita a burauza, a shafuka irin su Newgrounds da Kongregate. Da Adobe ya daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, sai aka koma HTML5 da WebGL, fasahohin da burauza ke kunna gem da su da kanta, shafin itch.io kuma ya cika da sababbi. Abu ɗaya da mai buga irin wannan a burauza yakan lura da shi: in shafuka sun yi yawa a buɗe, hoto ya fara sarƙewa, ɗan jinkirin da ba ka damu da shi a wani wasa ba, a nan shi zai kayar da kai.

A yawancin wasanni gwarzonka ne ke samun ƙarfi da makamai yayin da kake gaba. A nan mutumin cikin tukunya yana nan yadda yake tun farko, gudumar ma ita ce dai. Hannun mai wasa ne ke canzawa. Tsaunin da sabon shiga ke kwashe sa'o'i yana fama da shi, ƙwararrun masu tsere da agogo suna haye shi cikin ƙasa da minti biyu.