Motar tsintsiya: mece ce ita a ayarin masu keke?

Wanda ya taɓa kallon tseren keke a talabijin har ƙarshensa ya san ta. Bayan zaratan gaba sun wuce, motocin ƙungiyoyi da baburan masu ɗaukar hoto sun bi su, sai ka hango wata mota guda can baya tana lallaɓowa. Faransawa na ce mata voiture-balai, wato motar tsintsiya. Shara ce aikinta, sai dai mutane take kwashewa daga kan hanya: wanda ƙarfinsa ya ƙare, wanda ya faɗi ya gurje, da wanda kekensa ya gagari gyara a bakin titi.

Asalinta daga gasar Tour de France ne, a 1910, shekarar da aka fara tura mahaya kan manyan duwatsun Firenis da ke tsakanin Faransa da Sifen. An san ba kowa zai kai ba, sai aka sa mota ta biyo bayansu, kuma an daɗe ana ɗaura mata tsintsiya ta gaske a jiki don kowa ya gane ta. A tsere ba mai son shigarta. Kana hawa za a cire lambar da ke bayan rigarka, kai da gasar sai baɗi.

Amma yau an fi cin karo da ita a wata irin tafiya da ba tsere ba: jama'a su haɗu, su yi kwanaki suna tuƙa keke daga gari zuwa gari, da ma'aikata masu kula da su. A Amurka SAG suke ce wa motar. Idan ka ga an tallata irin wannan tafiya an ce da masu tallafi, ana nufin kai dai feda ce taka, sauran ɗawainiya ta wasu ce.

Tsarin bai yi nisa da na ayarin fatake ba. Da asuba kowa ya naɗe tantinsa, ya jefa jakarsa a babbar motar kaya, ita kuma ta yi gaba zuwa zangon da za a kwana. Wani ya riga kowa fita yana sa alama a mararraba don kada a ɓata. A tsakiyar hanya wata motar ta tsaya a inuwa da jarkokin ruwa, burodi, ayaba da ruwan gishiri da sukari. Akwai bakanike da famfo da kayan faci da sarƙa, akwai mai jinya, akwai mai dafa abinci. Mahayin ba abin da ya ɗauko sai gorar ruwa biyu, hular kwano, da ɗan abin faci a ƙarƙashin sirdi. A ƙarshen kowa kuma ga motar tsintsiya, wadda ba ta wuce mahayi na ƙarshe komai nawarsa.

A jihar Ayowa ta Amurka ana yin irin wannan tafiya mai suna RAGBRAI tun 1973. 'Yan jarida biyu na jaridar Des Moines Register, John Karras da Donald Kaul, su suka fara ta, suka gayyaci masu karatu su biyo su. Yanzu dubban mutane ke fita a ƙarshen Yuli, kwana 7, daga yammacin jihar zuwa gabashinta. Al'adarsu ce a tsoma tayar baya a kogin Mizuri ranar tashi, a tsoma ta gaba a Misisifi ranar sauka. Wanda ya kasa a hanya ba ya buƙatar kiran kowa, sai ya kifa kekensa a gefen titi, tayoyi a sama, direba ya gani ya tsaya.

Wannan kifa keken shi ne wurin da nake so mu ɗan daɗe. Ka ɗauki dattijo mai shekara 60 da ya tuƙa tun hantsi, iska na dukan ƙirjinsa, jijiyar cinya ta ɗaure, ruwan gorarsa ya zama kamar na wanka. Saura kilomita 30. In shi kaɗai ne, dole ya ci gaba ko da zai zube, domin ba shi da zaɓi. A cikin ayari kuwa sai a ɗora kekensa a rufin mota, a miƙa masa ruwa mai sanyi, ya isa zango ya ci tuwon dare da 'yan'uwansa, gobe da safe ya sake hawa sirdi. Ba wanda ya cire masa lamba. A ganina nan ne kalmar ta sauya ma'ana gaba ɗaya: a tsere ƙofar fita ce, a ayari ita ce ke ba tsoho da macen da ta yaye goyonta da sabon shiga ƙarfin halin fitowa tun farko.

Nahiyarmu ma tana da tata. Tour d'Afrique, wadda Henry Gold ya assasa, ta fara a 2003 daga Alƙahira zuwa Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, kusan kilomita 12,000 cikin wata 4. Hanyarta ta asali ta ratsa Sudan, Habasha, Kenya da Tanzaniya kafin ta gangara kudu. A wancan lokacin, a saharar Sudan tsakanin Wadi Halfa da Khartum, motar ruwa ce rayuwar ayarin. Akwai girmamawa ta musamman ga wanda ya tuƙa kowane taku bai taɓa hawa mota ba, kuma ya cancance ta. Sai dai wannan buri kan sa wasu tuƙi da zazzaɓi ko gudawa, abin da ban yarda da shi ba sam. Mai jinya ya ce ka hau, to ka hau.

Ma'aikatan kuwa ba su cika fitowa a hoto ba. Su ke tashi kafin kowa su hura wuta, su ke ƙirga kawuna da magariba. In an ƙirga mutum ɗaya ya ɓace, direban motar tsintsiya ne zai kunna fitila ya koma kan hanya.