Begen Shekarun 1980 a Bauchi da Gombe: Talabijin, Kaset da Sutura

Begen shekarun 1980 shi ne kewar da mutanen da suka yi ƙuruciya ko samartaka tsakanin 1979 da 1990 suke yi wa shirye-shiryen talabijin, waƙoƙin kaset da yayin tufafi na wancan lokaci. A Bauchi da Gombe ana ganinsa a hirar majalisa, a shafukan Facebook masu saka tsofaffin hotuna, da kuma a bukukuwan aure inda ake ware ranar shigar da. A shekarun da ake magana garuruwan biyu jiha ɗaya suke: an kafa Jihar Bauchi a ranar 3 ga Fabrairu 1976, Gombe kuwa sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta. Saboda haka dattijon unguwar Jahun a Bauchi da na Jekadafari a Gombe gwamna ɗaya suka gani a akwatin talabijin, labarai ɗaya suka saurara.

Talabijin mai tasha ɗaya

An kafa hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, a 1977, ta haɗe tashoshin da ake da su kamar ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1962, da ta Jos, wadda ita ce ta fara watsa hoto mai kala a Nijeriya, sannan ta buɗe tashoshi a manyan biranen sababbin jihohi, har da Bauchi. Tashoshi masu zaman kansu ba su samu izini ba sai bayan dokar 1992. Ke nan duk tsawon shekarun nan mai akwati ba shi da zaɓi mai yawa, kuma a nan asalin kewar take: abin da maƙwabcinka ya kalla jiya da daddare shi ka kalla, washegari a makaranta ko a tasha kowa ya san maganar da ake yi.

A ranakun aiki sai wajen la'asar tasha ke buɗewa da taken ƙasa, ta rufe tsakar dare. Ƙarfe tara na dare labaran ƙasa ne daga Legas. Wasannin Hausa su ne suka fi tara jama'a: Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, tsohon soja mai Hausar bariki, daga Kaduna, Karkuzu na Bodara daga Jos, da wasannin da Ƙasimu Yero ya fito a ciki. Akwai kuma Cock Crow at Dawn, wasan Turanci kan noma da aka fara a 1980 aka kuma ɗauka a kewayen Jos, wanda ko marasa jin Turanci suna bi. Ƙarshen mako na fim ɗin Indiya ne da kokawar Turawa. A 1985 kuma aka ga 'yan ƙwallon Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 sun ɗauko kofin duniya a Sin.

Akwatin kansa yana da nasa labari. Mafi yawa mai baƙi da fari ne, inci 12 ko 14. Mai kala, musamman babba mai ƙofar katako da ake zugewa, sai gidan babban ma'aikaci ko attajiri. Wasu sukan manna roba mai launi uku a gilashin don ya yi kama da mai kala, sama shuɗi, ƙasa kore, fuskar mai labarai ta faɗa duk inda ta faɗa. Siginar tasha a miƙe take tafiya, dutse yana tare ta, ga shi tsakanin Bauchi da Gombe ya haura kilomita 150. Shi ya sa ake ɗaura eriya mai haƙarƙari a kan dogon bututun ƙarfe ko gora, a haɗa mata busta, yaro yana juyawa a waje ana yi masa ihu daga ɗaki har hoto ya washe. Garuruwan da ke gindin Filato, irin su Toro da Tilden Fulani, sun fi kama Jos da sauƙi.

Matsalolin sanannu ne. Hoto mai yayyafi: sigina ta yi rauni, ko wayar eriya ta yi tsatsa a mahaɗa. Mutum ya fito biyu: siginar ta bugi dutse ko rufin kwano ta iso sau biyu, maganinsa a ɗan karkata eriya. Hoto yana gudu sama: a murɗa ɗan maɓallin da ke bayan akwati. Hoto ya tsuke ya bar baƙi a gefe: wuta ta yi ƙasa, dalilin da ya sa sitabilaiza ta zama abokiyar talabijin. Inda babu lantarki, batirin mota mai bolt 12 ake jona wa ƙaramin akwati. Idan ya fara sanyi hoton yana ƙanƙancewa, sai a kai shi caji a bayan keke. Wanda ya juya wayar ja da baƙa ya ƙona fis, in an yi sa'a a nan ta tsaya. Mai irin wannan akwati a ajiye yau kada ya buɗe bayansa: kwalbar hoton mai kala tana aiki da wajen bolt 25,000, kuma tana riƙe caji bayan an zare fulogi.

Rikoda da zaren kaset

Kafin talabijin, rediyo ne sarki, kuma bai sauka ba. Rediyon Kaduna a kan mita 49 yana isa ƙauyen da eriya ba ta taɓa zuwa ba, da shirin Zaɓi Sonka na gaishe-gaishe, da tafsirin azumi na Shaihu Abubakar Gumi da na Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi. Abin da kaset ya ƙara shi ne iko: ka ji abin da kake so a lokacin da kake so.

A rumfar mai sayar da kaset, ko a Kasuwar Wunti ko a babbar kasuwar Gombe, za a tarar da Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, Haruna Uje mai gurmi, da Barmani Choge ta amada, gefe guda ga wa'azi da karatun Alƙur'ani. Waƙoƙin Indiya suna da nasu layi. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da na jami'ar da aka buɗe a Bauchi a 1980, wadda ta koma sunan Abubakar Tafawa Balewa a 1988, su ne masu Bob Marley da Michael Jackson, da kiɗan makosa na Kamaru. Mafi yawan kaset ɗin ba na kamfani ba ne. Mai rumfa yana da uwar kaset, ka zaɓa ya kwafa maka a kan sabon TDK, Sony ko Maxell, ya rubuta suna da biro. Kowane kwafi yana ƙara shuu yana rage kaifin murya, don haka kwafin kwafi na huɗu ganga kawai ake ji sosai.

Zaren faɗinsa milimita 3.81 ne, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45. C120 ya fi tsawo amma zarensa siriri ne ƙwarai, shi ne rikoda ta fi taunawa, masu gyara ba sa son ganinsa. Sassa huɗu ne ke kawo yawancin ciwon kai. Akwai kan da ke karanta zare, wanda masu gyara ke kira hed: idan ƙurar hunturu da jan garin zare suka taru a kansa, murya sai ta dushe kamar ana magana cikin tulu. Akwai ɗan sandan ƙarfe mai juyawa da rolar roba mai danne zare a jikinsa: rola ta yi datti ko ta ƙandare, zare ya nannaɗe mata, shi ne cin kaset. Sai bel na roba: ya saki, waƙa ta riƙa jan ƙafa tana rawar murya. Irin wannan jan ƙafar batir ma yana kawo shi, kuma babbar rikoda mai lasifika biyu tana cin manyan batura shida zuwa takwas. Don tattalinsu ne ake zura biron Bic a ramin kaset a riƙa wulwulawa maimakon a danna maɓallin mayarwa, kasancewar jikinsa mai kusurwa shida yana kama haƙoran ramin daidai. A saman kowane kaset akwai 'yan kunnuwa biyu. In an karya su ba a iya ɗauka a kai, in an liƙe ramin da salatif an buɗe hanya. Waƙoƙi da yawa sun tafi ta wannan hanyar, ƙane ya shafe Shatan babansa ya ɗauki muryarsa.

Kaset ya yi aikin wasiƙa ma. Wanda ke Makka ko Legas yakan cika gefe guda da gaisuwa da saƙo ya ba matafiyi, a taru a tsakar gida a saurara. Irin waɗannan su ne suka fi cancantar ceto, don babu kwafinsu a ko'ina.

Bidiyo ya shigo gidajen masu hali a tsakiyar shekarun, da kaset ɗin VHS mai awa uku, ana haya kwana ɗaya. Fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko na bidiyo da aka sayar a kasuwa, ita ce alamar cewa wani zamanin ya kama.

Sutura

Maza manya babbar riga ce ta shadda, mai aikin hannu irin aska biyu ko aska takwas. Cikakken ɗinki da 'yar ciki da wando yana cin wajen yadi goma, a sa sitati a kai wa mabuga su buge ta da ƙotar itace har ta yi ƙyalli. A mulkin farar hula na 1979 zuwa 1983, lokacin Abubakar Tatari Ali yana gwamna, doguwar hula irin ta Shehu Shagari ta yi tashe, ga zanna bukar daga Barno. Ma'aikacin ofis kwat ɗin safari ne mai gajeren hannu da aljihu huɗu. Samari sun shigo shekarun da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, takalmi mai tudu da tulin suma, suka fita da tsukakken wando da gashi mai sheƙin mai.

Mata atamfa ce. Turmi yadi shida ne, yana fitar da zani, riga da ɗankwali, har a samu ragowar goyo. Ana bambanta 'yar Holan da ta masaƙun Kaduna irin su UNTL da Arewa ta hanyar taɓawa da yadda rini ya ratsa baya. Riga mai soso a kafaɗa da kumburarren hannu ita ce alamar ƙarshen shekarun, tare da ɗaurin Maryam Babangida, wanda ya bazu bayan ta fara shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987 ana ganinta a labaran tara. Gyale shi ne mayafin fita. Hijabi ya riƙa yaɗuwa ne sannu a hankali tare da makarantun Islamiyya bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. A lefe ba a rasa leshi, turaren Bintu Sudan, kwalli da gazal, a ɗakin amarya kuma jeren kwanuka da kwalla har kusa da rufi.

Abin da kewa take tsallakewa

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma mai tuna baya yakan zaɓi abin da zai tuna. Shekarun nan su ne na tsuke bakin aljihu, da layin sayen madara, sukari da sabulu a 1984, da canjin kuɗi na gaggawa a watan Afrilun shekarar, da rikicin 'yan Maitatsine a Pantami cikin Gombe a Afrilun 1985. Daga 1986 shirin gwamnati na sauya fasalin tattalin arziki, SAP, ya karya darajar naira, talabijin da rikoda da 'yar Holan suka fi ƙarfin albashi, kasuwar gwanjo da ta masu gyara ta buɗe. Yaran da suka yi kallo ta tagar maƙwabci, wani lokaci a kore su, su ne yau suke cewa da an fi zumunci. Akwai gaskiya a maganar, amma rashi ne ya tara su a ɗaki ɗaya.

Ceto abin da ya rage

Zafin Maris da Afrilu yana lanƙwasa gidan kaset, laimar Agusta tana sa masa fumfuna, lasifika mai maganaɗisu tana rage sautin da ke kai. Mai son mayar da tsohon kaset cikin kwamfuta ya fara da dubawa ta tagarsa: in akwai farin gari a jikin zare, kada a sa shi a na'ura, zai ɓata hed ya kuma shafa wa sauran. In tsaf yake, a duba ɗan audugan da ke ƙarƙashin zare a tsakiyar baki. Yakan faɗi saboda gam ya bushe, in babu shi murya ba ta fita, sai a ciro na wani kaset a manna. Gidan da ya fashe ana kwance kusoshinsa biyar a mayar da zaren cikin wani. Zaren da ya tsinke a yanke bakunan biyu a karkace, a haɗa su ta baya, wato gefen da ba ya taɓa hed, da siririn abin liƙi wanda bai wuce faɗin zaren ba.

Sai a goge hed da sandan ƙarfe da rola da auduga mai ɗan sifirit, a bari su bushe. A tura zaren har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya don ya saki. A jona waya daga ramin abin sauraro na rikoda zuwa ramin shigar sauti na kwamfuta, a buɗe manhaja irin Audacity, a saita ƙarar yadda ba za ta taɓa ja a ma'aunin sauti na manhajar ba. Ɗaukar tana cin lokacin kaset ɗin cif, C90 awa ɗaya da rabi. A adana uwar a tsarin WAV, a fitar da MP3 don rabawa, a rubuta sunan mai waƙa ko mai magana da shekarar da ake zato. VHS ma haka ne, sai dai yana buƙatar ƙaramar na'urar kama hoto mai shiga ramin USB, kuma in layuka suna yawo a ƙasan hoto maɓallin daidaita zare ake taɓawa kafin a zargi kaset.

Tufafi sun fi haƙuri. Atamfa da shadda a wanke su a cire sitati kafin dogon ajiya, don sitati abincin kyankyaso da asu ne. A sa kafur a ƙulle cikin ƙyalle, kada ya taɓa yadin, a ɗaga akwati daga ƙasa saboda gara, a kuma sauya layin ninki sau ɗaya a shekara, domin a kan ninki tsohon zani yake fara yagewa.