Thomas Sankara: Daga ramin Dagnoen zuwa hubbare

Ranar 15 ga Oktoban 1987 sojoji suka buɗe wa shugaban Burkina Faso, Kyaftin Thomas Sankara, wuta a harabar Conseil de l'Entente, hedkwatar gwamnatinsa da ke Wagadugu, shi da mutum 12. Da daddare aka kwaso fursunoni suka haƙa ramuka a maƙabartar Dagnoen, aka turbuɗe su babu sutura ta mutunci. Takardar da likitan soja ya rubuta ta ce mutuwar Allah da Annabi ya yi. Amininsa Blaise Compaoré ya haye kujera, ya shafe shekara 27 a kai, kuma tsawon wannan lokaci babu kotun da ta saurari maganar, duk da ƙarar da Mariam, matar Sankara, ta shigar tun 1997.

An hana shari'a, amma ba a iya hana labari ba. Mutane sun riƙe mutumin da ya karɓi mulki a 1983 yana ɗan shekara 33, ya sauya wa ƙasar suna daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso, ya sayar da Marsandin gwamnati ya koma 'yar Renault 5, ya matsa wa ma'aikata su sa faso dan fani, saƙin audugar gida. A 1984 an yi wa yara kimanin miliyan biyu rigakafin ƙyanda, sanƙarau da shawara cikin 'yan makonni. A taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa, kusan watanni uku kafin a kashe shi, ya ce wa shugabannin Afirka su haɗa kai su ƙi biyan bashi, in ba haka ba shi kaɗai ba zai kai taro na gaba ba. Bai kai ba.

Da matasa suka kori Compaoré a Oktoban 2014, hoton Sankara suke ɗagawa. A 2015 aka tono ƙasusuwan, aka ga ramukan harsashi a tufafinsa. Shari'a ta fara a Oktoban 2021, a watan Afrilun 2022 kotun soja ta yanke wa Compaoré, wanda ke gudun hijira a Côte d'Ivoire, ɗaurin rai da rai, tare da na hannun damansa Gilbert Diendéré da Hyacinthe Kafando, jagoran sojojin da suka yi harbin. A 2023 aka sake binne Sankara a wurin da ya faɗi.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda yabon ya danne sauran labarin. Sankara ne ya kori malaman makaranta sama da dubu saboda yajin aiki a 1984, aka maye gurbinsu da waɗanda ba su da horo. A shekarar ce aka harbe mutum bakwai bisa zargin yunƙurin juyin mulki. Kwamitocin kare juyin juya hali, CDR, sun ci zarafin mutane a unguwanni har shi kansa ya fito ya soke su, kuma a kotunan jama'a babu lauya. 'Ya'yan waɗannan malamai suna nan da rai, su ma 'yan Burkina ne.

Gwamnatin soja ta Ibrahim Traoré ta ayyana Sankara gwarzon ƙasa, ta cire sunan tsohon shugaban Faransa Charles de Gaulle daga babban titin Wagadugu ta sa nasa. A ƙarƙashin gwamnatin nan kuma ake kwasar 'yan jarida da masu suka ana tura su fagen daga. Shi kuwa ɓangaren shari'ar da ya shafi hannun ƙasashen waje, wanda shugaban Faransa Macron ya yi alƙawarin buɗe takardunsa a 2017, har yau ba a yanke hukunci a kansa ba.